Zangon Ilu Ba Na Yankewa Ba Ne

Zan fara da neman afuwa, domin abin da zan faɗa ya daɗe, ƙwaƙwalwa kuwa ba kaset ba ce. Akwai abubuwan da nake gani tar kamar jiya aka yi su, amma in na tambayi wanda muke tare a wurin sai ya ce ba haka aka yi ba, ko ya ce shi ma ya manta. Aikina a nan Alkahira gyaran rubutu ne a wani ofishin fassara a Dokki, saboda haka na san yadda kuskure ke shiga magana ya zauna daram har a ɗauka shi ne asali. Tsoron haka ya sa na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Abin da ya sa na daina ɗagawa shi ne, yaran da ke riƙe da ƙungiyar kiɗanmu yanzu suna so su yanke wani sashe na kiɗan, sashen wani mutum da ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa ban yarda ba. A kan wannan kaɗai ba ni da wataƙila.

Ƙungiyar ta riga ni zuwa garin nan. Na tarar da ita a saman wani tsohon bene a Giza, inda ɗalibai 'yan Najeriya da 'yan Nijar suka kama ɗakuna kusa da akurkin tantabarun mai gidan. Shi ya sa ake ce mana 'Yan Saman Bene, ba mu muka raɗa wa kanmu ba. Wanda ya kafa ta, ko dai in ce wanda na tarar yana jan ta, Yaya Abarshi ne, mutumin Damagaram, dogo, mai kaɗa jita, ɗalibin fiƙihu. Yadda ya ba mu labari, wani kaset ya saya a hannun masu tsofaffin kaya, na waɗansu Turawa masu kiɗan rok. Ba irin rok ɗin nan na tsalle da ihu ba, irin mai dogon numfashi, wanda kiɗa ɗaya ke cinye gefen kaset gaba ɗaya. Ya taso a hankali, ya sauya bugu a tsakiya, ya bi wata hanyar da ba ka zata ba, sai can ya dawo gida. Ya ce da ya gama saurare sai ya fashe da dariya, ya ce ai waɗannan makaɗan garinmu ne suka sami lantarki, su ma ba su san sauri ba. Daga nan ya nemo jita, wani ya nemo ogan mai maɓallai, aka sami wani Bahaushen Sudan mai suna Usman da ya iya ganguna, aka fara.

Ranar Juma'a muke yi, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Da ladan ya buɗe baki kowa zai janye hannunsa, ko da a tsakiyar jimla ne, kuma ba na tuna ranar da aka saɓa wannan. Kafin a fara akwai aiki. Benen ba shi da lif, sai an kinkimo lasifika daga ɗakin maigadi a ƙasa, inda muke ajiye su saboda ƙura da rana, kuma sabon shiga ne ke ɗaukar mafi nauyi. Wani na tuƙa tuwon garin shinkafa a kan risho, wani na kaɗa mulukiya, wadda muka gano lalonmu ce aka sake wa suna. In wani ya dawo daga gida da kuka da daddawa, ranar kam ba a yin kiɗan kirki, kowa hankalinsa na kan tukunya. Daga ƙasa kana jin mai gas yana dukan tukunyarsa da sifana yana kiran masu saye, da mai tsofaffin kaya yana jan muryarsa, da hon ɗin ƙananan motocin haya da ba ya ƙarewa, tantabaru kuma na kewaya kanmu. Usman ya ɗauki bugun mai gas ɗin nan ya sa a gangarsa, har yau yana cikin kiɗan, ko da yake masu kaɗa shi yanzu ba su san inda ya fito ba. Ba zan ɓoye ba, da yawa cikin abokan karatunmu ba su ga dacewar abin da muke yi ba, kuma akwai waɗanda suka daina gaisawa da mu a harabar jami'a. Ban zo in yi muhawara a kan wannan ba, ni ba mufti ba ne. Abin da ya faru kawai nake faɗa.

Muna da ƙananan kiɗe-kiɗe, amma babban aikinmu guda ɗaya ne, kuma ba shi da suna. Babbar muke ce mata. Ɗalibi ba mazauni ba ne, yana gama karatu zai koma gida, saboda haka Yaya Abarshi ya kafa wata al'ada tun farko. Duk wanda zai tafi, sai ya tsara sashensa na kansa, muna ce masa zango, a liƙa shi a ƙarshen Babbar. Sannan ya zaunar da wanda zai gaji kayan kiɗansa ya koya masa hannu da hannu, ba rubutu, ba ɗauka a kaset. Zangon mutum ba a cire shi, ba a gyara masa shi, ko yana raye ko ya mutu. Kuma kafin ka kaɗa zangon wani a gaban jama'a, sai ka faɗi daga wa ka karɓa, shi kuma daga wa. Ina jin kowa ya gane inda muka samo wannan. Haka aka koya mana karɓar karatu, daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, kuma ba mu san wata hanyar riƙe abu mai daraja ba sai ita. Ba ina daidaita kiɗa da ilimi ba ne, Allah ya tsare ni. Hanyar kawai muka ara. In wani ya yi ƙorafin cewa Babbar tana ƙara tsawo, amsar Yaya Abarshi ɗaya ce: "Mai sauri ya sauka ya hau jirgin metro."

Ni ogan na gada, daga hannun Ilu. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, gajere, marar yawan magana, gwanin nahawu. Zangonsa shi ne mafi wuya a cikin Babbar, ba don sauri ba, don rashinsa. Bugunsa ba ya cika, kullum kamar saura ɗaya, irin tafiyar mai ɗingishi, hannun hagu yana maimaita abu guda a ƙasa, na dama yana yawo a sama kamar ba su san juna ba. A tsakiyarsa kuma akwai shiru. Kowa zai ɗage hannunsa, a tsaya cik, har mai saurare ya ɗauka an gama, sannan a dawo. Ni kuwa mutum ne mai fargaba tun ina yaro, shiru ba ya zama da ni. Duk sanda muka zo wurin sai in yi wuf in shigo.

"Ina za ka?" in ji Ilu. "Wa ya biyo ka?"

"Malam Ilu, na ga kamar ya yi yawa ne."

"Kai ya yi wa yawa. Shi bai ce maka komai ba. Sake."

Yaya Abarshi na gefe yana ɗaure igiyar jita, ba zai bar ta ta wuce ba, da yake akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa. "Ƙyale shi, Ilu. Bakano ne, yana jin shiru sai ya ɗauka kasuwa ce ta tashi ba a gaya masa ba."

Na taɓa tambayar Ilu me shirun ke nufi. Ya ce ba ya nufin komai, wuri ne kawai da ya bar wa mutum ya tuna gida. Ban sani ba ko da gaske yake ko so yake in bar shi ya sha shayinsa. Ya gama karatu ya koma, ya kama koyarwa a garinsu. Ba a daɗe sosai ba wani sabon ɗalibi ya sauka, muna cikin tambayarsa labarin gida ya ce, af, ba ku ji ba, ai Malam Ilu ya rasu, 'yar gajeruwar rashin lafiya ce. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A cikin kwanakin nan ne aka gayyace mu ranar al'adu ta ɗaliban Afirka, a wani zaure a Dokki, da rana tsaka. Shi ne karo na farko da muka hau dandamali na gaske. Mai gabatarwa wani babban ɗalibi ne mai son tsari, ya sha kwat, ba zan faɗi ƙasarsa ba domin ba shi da amfani. Ya ja Yaya Abarshi gefe ya ce, "Ya akhi, ku ɗan taɓa ku sauka, akwai masu jawabi da yawa."

"Za mu taɓa," in ji Yaya Abarshi, "daga farkonta zuwa ƙarshenta."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Ni ban yi dariya ba, domin na leƙa na ga sahun gaba, akwai manyan da ke kula da tallafin karatunmu zaune da carbi a hannu. Na matsa kusa da Yaya Abarshi na ce ko dai mu tsallake waɗansu zangunan, yau kawai, saboda yanayi. Ya dube ni daga sama, ya ce, "Wanne za ka tsallake? Zaɓa, ni zan sanar da jama'a sunan mai shi." Ban zaɓa ba.

Muka fara. Zangunan farko suka wuce lafiya, har ina ganin ƙafafu suna motsi a ƙarƙashin kujeru. Mai gabatarwa ya fara nuna mana agogonsa, sannan ya fara yanka wuyansa da yatsa. Da aka zo zangon Ilu na miƙe, na ce na karɓi wannan daga Ilu, shi ne mai shi, kuma ya rasu. Ban sani ba ko an ji ni. Muka shiga, muka bi ɗingishin nan a hankali har muka iso shirun, kowa ya ɗage hannu. Jama'a suka ɗauka an gama, aka ɓarke da tafi. Mai gabatarwa ya yi tsalle ya hau dandamali ya fizgi makirufo yana godiya da Larabci, yana sanar da cewa an gama, "Shukran, shukran, khalas!" Yaya Abarshi bai motsa ba, ya ce masa da ƙarfi, "Ba mu gama ba." Mutumin ya juya ya yi wa wani alama a bayan labule. Sai na ga 'yar fitilar da ke kan ogan ɗina ta mutu. Na danna maɓalli, ba komai sai ƙwas ɗin roba.

Abin da na ji a lokacin, gaskiya, sauƙi ne. Na ce a raina to shi ke nan, ba laifinmu ba ne, sai mu sauka da mutuncinmu. Sai na ji ganga a bayana. Usman ne, ganga kuwa ba ta shan lantarki. Ya buga bugun nan marar cika, shi kaɗai, a cikin zauren da ya fara hayaniya. Yaya Abarshi ya saki jitar a wuyansa, ya buɗe baki ya fara rera abin da jitar za ta faɗa. Mai kaɗa mana jitar bas, mai kaurin amo, ya bi shi da wata murya kamar ta bijimi. Saura ni.

"Ya zol, yalla!" in ji Usman, da irin kiran mutanen Sudan, wato kai mutum, mu je.

"Bakano," Yaya Abarshi ya juyo tsakanin numfashi, "bakinka ma da lantarki yake aiki?"

Na ɗora yatsuna a kan matattun maɓallai don kada in ɓata, na fara gunjin hannun hagun Ilu da hancina da maƙogwarona. Da farko dariya aka yi mana, dariya sosai, har da masu riƙe ciki. Ba mu tsaya ba. Can sai waɗanda suka saba hawa benenmu cin tuwo, waɗanda Babbar ta zauna a kunnensu ba da saninsu ba, suka fara kama mana daga kujerunsu. Dariyar ta ragu. Mai gabatarwa yana tsaye da makirufon da shi ma ya mutu a hannunsa, domin da aka cire wuta ba a ware nasa ba. Haka muka gama zangon Ilu, muka shiga na bayansa, muka kai Babbar ƙarshenta da baki da ganga. Waɗansu manyan sun fice, waɗansu sun zauna, ban iya cewa waɗanne suka fi yawa ba. Bayan haka an kira mu an ja mana kunne, na yi kwanaki ina jiran a ce an tsayar da tallafina. Ba a tsayar ba. Amma an yi shekaru ba a sake gayyatarmu ko'ina ba, mu kuwa muka koma benenmu muka ci gaba.

Daga nan ƙungiyar ta yi ta sake fata. Yaya Abarshi ya tafi ya bar zango mai zafi kamar yana faɗa da wani. Usman ya tafi ya bar nasa, ganga zalla. Aka sayar da benen Giza, muka koma wani gida a Hadayek el-Maadi inda haya ta fi sauƙi, maƙwabta kuma baƙi ne irinmu. An yi lokacin da muka rage mu biyu, ni da wani mai jita, muna rera sauran da baki don kada su ɓace. An yi lokacin da kalangu da gurmi suka shigo, aka yi rigima a kan haka, aka shirya. Mata suka shigo, aka yi wata rigimar, ita ma aka shirya. Lokacin annobar da ta kulle kowa a ɗaka mun yi watanni ba mu haɗu ba, na ɗauka ƙarshen ke nan, sai ga shi ba shi ba ne. Ni dai ban koma gida ba, aure da aiki suka riƙe ni a nan. Babbar yanzu ta fi wasan ƙwallo tsawo. Na miƙa ogan tuntuni ga Mubarak, wani yaro Bazazzagi mai hannu da kunne, wanda shi ke jan ƙungiyar a yau. Duk zangunan na ba shi, in ban da na Ilu, wanda kullum yake cewa sai wani satin. Saboda haka har yanzu in an zo wurin, shi yake tashi ni in zauna.

Yaran nan sun fi mu iya kiɗa, ban faɗi haka don a ce na yi adalci ba, gaskiya ce. Kayan da muke kinkima mu huɗu, su a jaka ɗaya suke ratayawa. Amma kunnen zamaninsu ba ya jira. Mu mukan zauna gaban kaset har ya ƙare saboda ba mu da wani, su kuwa yatsa na kan waya, kafin kiɗa ya gama gaisuwa an ture shi an kira wani. Kwanan baya wani ɗakin ɗaukar sauti ya ce zai ɗauke su ya sa a inda ake saurare ta waya, da sharaɗin a taƙaita Babbar. Mubarak ya kira ni gidan Hadayek, aka zuba mini shayi, aka yi ta zagaye-zagaye, sannan ya fito da ita.

"Baba, ma'alish, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Amma zangon Malam Ilu ba zai shiga ba. Shirun nan, wallahi mutane za su ɗauka wayarsu ce ta tsaya."

Hadiza, 'yar Maraɗi mai karatun haɗa magunguna a Giza, ita ke kan ganguna yanzu, kuma Tonton take ce mini, wato kawu da Faransanci. Ta ce, "Tonton, in ba a ɗauka ba fa, wata rana duk za ta ɓace. Ba gara a tsira da rabi ba?"

Maganarta ta fi ta Mubarak nauyi, domin tsoron da ke hana ni sukuni ke nan. Ni da a ofis nakan duba shafi sau da yawa kafin in cire waƙafi ɗaya. Amma na ji bakina ya riga fargabata.

"Mubarak, zangon da kake so ka yanke, daga wa ka karɓe shi?"

"Baba, ai ka san ban karɓa ba tukuna."

"To ba naka ba ne. Ku tsara gajerun kiɗanku, ku sa musu suna, ku sa a waya, ni zan fara saurare, zan kuma tura wa mutane. Amma in za ku kira abu Babbar, to da Ilu a ciki, da shirunsa. An cire mana wuta a kan shirun nan ba mu tsallake shi ba. Ba zan tsallake shi don wayar wani ba."

"To in na koya, na iya, na kuma ce a yanke fa?"

"Sai mu sake zama."

"Sannan?"

"Sannan in sake ce maka a'a."

Hadiza ta tuntsire da dariya. Mubarak ya ce Kanawa dai ba a cin riba da su ko a kan shiru ne. Ban sani ba ko na ci nasara, kuma ba na so in faɗi abin da ya fi gaskiya girma. Sun je sun ɗauki ƙananan kiɗe-kiɗensu, Babbar ba a taɓa ta ba, maganar kuma ba ta mutu ba. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar Mubarak yake zuwa gidana kowace Juma'a bayan la'asar da ogan ɗinsa a jaka. Yana shigowa da wuri a wurin shirun, ina ce masa wa ya biyo ka.

A Juma'ar da ta wuce ya tsaya daidai, ya riƙe shirun har ƙarshensa, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, bayan nan wa ke fara shigowa, ganga ko hannun hagu?" Na buɗe baki zan ce ganga, domin haka muke yi shekara da shekaru. Sai na tsaya. Ganga ce ta fara shigowa a zauren Dokki, wannan na tabbata, amma ranar ogan ba shi da wuta. Kafin ranar fa? A saman benen Giza, da Ilu zaune a gefena, wa ke fara shigowa? Wani lokaci ina jin hannun hagunsa yana tasowa shi kaɗai daga cikin shirun, wani lokaci kuma ina jin Usman. Ina tsoron kada ya zamana mu da muka hana a yanke masa zango, mun sauya masa shi tun ranar ba mu sani ba. Na gaya wa Mubarak ya dakata a nan, ba zan ba shi abin da ban tabbatar ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya hau benen nan a zamanin Ilu, ko ya kaɗa ko tuwo kawai ya zo ci, a Damagaram yake ko Katsina ko Sudan ko ina, in wannan rubutu ya iso gare shi ya neme ni ta hannun yaran ƙungiyar. Ya gyara mini duk inda na kauce, a sunaye ko a tsarin abin da ya faru, zan karɓa da godiya. Amma kafin komai ya rera mini wurin nan da bakinsa, kamar yadda ya ji shi daga mai shi, domin akwai yaro zaune da yatsunsa a kan maɓalli yana jira. Wanda kuwa gyaransa shi ne a yanke, ya riƙe abinsa.